Kwalekwalen masuntan Tailan da imanin masu su

A gaɓar tekun kudancin Tailan, goshin kwalekwale wuri ne mai alfarma. Masunta mabiya addinin Buddha sun yi imani cewa wata iska mace mai suna Mae Ya Nang tana zaune a can tana tsare jirgi da masu shi. Shi ya sa suke ɗaura wa goshin ƙyallaye masu launi da furanni, su kunna turare kafin su fita kamun kifi, kuma ba a taka wajen da ƙafa. Wannan imani ba daga koyarwar Buddha ya fito ba, tsohuwar al'adar girmama iskoki ce da ta zauna tare da addinin. Icen takhian da ake sassaƙa jirage da shi ma ana ɗaukarsa gidan wata iska, Nang Takhian.

Jirgin da aka fi gani shi ne ruea hang yao, mai injin mota da doguwar sanda ɗauke da farfela a baya. Amma wanda ya fi ƙayatarwa shi ne kolae na Musulmi Malayawa a lardunan Pattani da Narathiwat. Ana yi masa fenti daga goshi har wutsiya da zanen ganye, furanni da tsuntsayen tatsuniya, salon Malayawa da na Jawa da na Tailan a gauraye. Ƙauyen Ban Thon a Narathiwat ya shahara da ƙera shi, kuma duk shekara ana tseren kolae a kogin Bang Nara. Aiki ne na hannu mai cin watanni, kuma abin takaici ne yadda gwanayensa ke raguwa. Masuntan nan da yawa ba sa shiga teku ranar Juma'a.

A tekun Andaman kuwa, ƙabilar Urak Lawoi tana bikin Loi Ruea sau biyu a shekara, idan wata ya cika a watanni na 6 da na 11 na kalandarsu. Sukan sassaƙa ɗan ƙaramin jirgi, su zuba gashi da yankakkun farce a ciki, su sake shi ya tafi da masifa. Maƙwabtansu Moken, masu jirgin kabang, sun gaji labarin wata gagarumar igiya da suke kira laboon. Da suka ga teku ya janye a Disambar 2004, Moken mazauna tsibiran Surin suka hau tudu, kusan dukkansu suka tsira daga tsunami.