Waiwaye: yarinyar nan da kullum ake sacewa a gem, daga ina aka samo ta?

Duk wanda ya taso lokacin gem ɗin nan mai kaset rawaya da ake jonawa a bayan talabijin ya san abin da zan faɗa. Ka sha wahala ka tsallake ramuka, ka kauce wa wuta, ka kayar da dodon, ka shiga ɗakin ƙarshe kana murna, sai ka tarar da wani ɗan mitsitsi mai hula kamar lema yana maka godiya yana cewa ai gimbiya tana wata fadar. Sau bakwai ake maka haka a Super Mario kafin ka ganta a na takwas. Wata rana ina bugawa a tsakar ɗaki ina sauri kafin a ɗauke wuta, ƙanwata na zaune a bakin tabarma ta zuba tagumi tana kallo, sai ta ce min "Yaya, ni ce gimbiyar ko?" Na ce eh ke ce. Ta ce to yaushe za a zo kaina in buga? Na ce mata ai gimbiya ba ta bugawa, jira take a zo a ɗauke ta. Wallahi ba da mugunta na faɗa ba, abin da gem ɗin ya nuna min ke nan, amma har yau ina tuna yadda ta yi shiru ta ci gaba da kallo.

Asalin abin a gem yana komawa 1981, lokacin da Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo a Japan ya yi Donkey Kong. Da farko gem ɗin Popeye suka so yi, wancan matuƙin jirgin ruwa na katun da kullum wani ƙato ke ɗauke masa budurwa, to ba su samu izini ba a lokacin, sai aka canza mutanen aka bar tsarin yadda yake. Ƙaton ya zama goggon biri, Popeye ya zama ɗan mutum mai gashin baki wanda daga baya aka sa wa suna Mario, budurwar kuma aka tsayar da ita can saman ƙarafa tana ihun a taimake ta. Ko suna ba ta da shi a Japan, Lady kawai ake ce mata, a Amurka ne aka raɗa mata Pauline. Shi kansa labarin biri ya ɗauke mace ba sabo ba ne, fim ɗin King Kong na 1933 ya riga ya yi shi, har kamfanin Universal ya maka Nintendo a kotu a 1982 amma Nintendo ya yi nasara. Mu ma ai mun san tsarin tun daga finafinan Indiya, bos ya sace yarinya, akta ya bi sawu.

A yi adalci, masu yin gem na wancan zamanin suna cikin matsi. Super Mario na 1985 gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, bai kai nauyin hoto ɗaya na wayarka ba, babu wurin zuba dogon labari, ana buƙatar dalilin da yaro zai gane cikin daƙiƙa biyu me ya sa zai yi ta gudu zuwa dama. An sace gimbiya, je ka dawo da ita, shi ke nan. Abin da ya dame ni shi ne na'urori sun yi ta girma, wuri ya samu, labari ya faɗaɗa, amma ita gimbiyar aka bar ta inda take. A Double Dragon na 1987 ma farkon abin da za ka gani shi ne 'yan daba sun naushi budurwar a ciki sun saɓa ta a kafaɗa sun tafi, daga nan ne ake ba ka hannu ka fara.

Labarin Zelda ne ya fi ba ni haushi a duk cikinsu. Tun 1986 sunanta ne a jikin kwalin, The Legend of Zelda, amma wanda kake bugawa da shi wani yaro ne mai koren kaya mai suna Link, shi ya sa har gobe mutane da yawa ke zaton shi ne Zelda. A Ocarina of Time na 1998 ta ɓad da kama ta zama Sheik, ta rufe fuska kamar namiji, tana bayyana tana ɓacewa tana koya wa Link waƙoƙin da zai yi amfani da su, shekara bakwai mugun yana nemanta bai same ta ba. Tana cire rufin ta nuna ita ce gimbiya, nan take mugun, wato Ganondorf, ya kulle ta cikin lu'ulu'u ya ɗauke. A Wind Waker na 2002 haka aka sake yi, tana matsayin Tetra shugabar 'yan fashin teku mai tsiwa da ba da umarni, ana gano jininta aka sa mata doguwar riga aka ce ta zauna a ɓoye a fada, can ɗin ma aka zo aka sace ta. Wato muddin tana cikin kayan maza tana da ƙarfi, da zarar an gane mace ce sai ta koma kayan da ake ƙwacewa.

Ba wai babu jarumai mata ba ne a lokacin. Metroid na 1986 ya girgiza yara, ka gama gem ɗin da wani soja cikin sulke sai a ƙarshe ya cire kwalkwali ka ga ashe mace ce, Samus Aran. Sai dai an ɗaura abin da saurinka, iya saurin da ka gama iya kayan da za a rage mata, wanda ya fi kowa sauri ya ganta da ɗan kamfai. Chun-Li ta zo a Street Fighter II a 1991 ita kaɗai mace cikin mutum takwas. Lara Croft ta gem ɗin Tomb Raider ta fito a 1996 daga Ingila, mai ilimi, mai bindiga biyu, ba ta jiran kowa, amma masu talla suka mayar da hankali kan ƙirarta har wanda ya zana ta, Toby Gard, ya bar kamfanin bayan gem na farko, kuma an daɗe ana danganta tafiyarsa da rashin jin daɗin yadda ake tallata ta. To ka ga hanya biyu ke nan aka bar wa mace, ta zama wadda ake ceto ko ta zama abin kallo.

A littattafan komik na Amurka abin ya ma fi muni, don can ba sacewa kawai ake yi ba. A 1994, a Green Lantern fitowa ta 54, jarumin ya dawo gida ya tarar an kashe budurwarsa Alexandra DeWitt an cusa gawarta cikin firij, kuma duk amfanin mutuwar shi ne ransa ya ɓaci ya zama jarumin gaske. A 1999 wata mai karatun komik, Gail Simone, ta buɗe shafi a intanet da sunan matan cikin firij, ta jero sunayen matan komik da aka kashe ko aka nakasa ko aka ƙwace wa ƙarfi don labarin wani namiji ya ci gaba. Cikinsu akwai Barbara Gordon, wato Batgirl, da mugun nan Joker ya harbe a 1988 ta gurgunce don kawai ya ƙuntata wa babanta. Jerin ya yi tsawo har marubutan da kansu suka fara amsawa. Ita Simone daga baya ta zama marubuciya a kamfanin DC, kuma Barbara ɗin nan na cikin waɗanda ta fi rubutawa.

Japan ta ɗan bambanta, don tun da wuri aka raba kasuwa, akwai mujallun samari akwai na 'yan mata. Osamu Tezuka ya yi gimbiya mai takobi tun 1953, Riyoko Ikeda ta yi Oscar, macen da ke jagorantar dogaran fadar Faransa, a 1972, sannan Sailor Moon ta Naoko Takeuchi a farkon shekarun 1990 inda 'yan mata ne ke yaƙin. Amma wanda ya fi isowa wayoyin yaranmu na samarin ne. Duba Bleach, dogon zango guda ana ceto Rukia, a gama a shiga wani dogon zangon ana ceto Orihime. Masu kallon Naruto kuwa sun san irin zagin da Sakura ke sha wai ba ta da amfani, alhali ba ita ta rubuta kanta ba.

Maganar ta fashe sosai a 2012, da wata mai sharhi, Anita Sarkeesian, ta nemi tallafin dala 6,000 a Kickstarter, shafin neman tallafin kuɗi a intanet, don ta yi bidiyoyi kan yadda ake nuna mata a gem. Zagi da barazana suka yi mata ca, har wani ya haɗa ɗan gem da ake dukan fuskarta a ciki, su kuma masu goyon bayanta suka tara mata sama da dala 150,000. Bidiyon farko ya fito a Maris 2013 kuma kan wannan yarinyar da ake sacewa ne. A Oktoba 2014, ana tsakiyar rigimar da ake kira Gamergate, inda aka yi ta cin zarafin mata masu harkar gem a intanet, ta fasa jawabi a wata jami'a a jihar Utah saboda barazanar harbe mutane. Ba dole ka yarda da duk fassararta ba, ni ma akwai misalan da nake ganin ta ja su da nisa, amma lissafin da ta yi na yawan sace mata a gem gaskiya ne, kowa na iya ƙirgawa da kansa.

Wasu za su ce ai gem ne kawai, kuma laifi ne namiji ya ceci mace? Ba laifi ba ne ko kaɗan, duk mai 'yar'uwa zai shiga wuta dominta. Damuwata ita ce a wayi gari shekara talatin ba a ba ta wani aiki ba sai wannan, yaro ya riƙe hannu yarinya ta riƙe tagumi. Ko da Nintendo suka ba Peach, wato gimbiyar Super Mario, gem nata a 2005, makamanta su ne fushi da kuka da murna da natsuwa, tana kuka hawayenta na shayar da tsiro.

An samu sauyi, ba a musu. An sake gina Lara a 2013 da alƙalamin Rhianna Pratchett, Marvel ta fito da Kamala Khan a 2014, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan mai littafinta na kanta, Aloy, jarumar gem ɗin Horizon Zero Dawn, ta zo a 2017, a fim ɗin Mario na 2023 kuma Luigi ɗan'uwan Mario aka kama, Peach ce ke koya wa Mario tsalle. Zelda kuwa sai a Satumba 2024, shekara 38 bayan an fara sa sunanta a kwali, Nintendo ya yi babban gem da ita ce ake bugawa, Echoes of Wisdom, inda Link ya ɓace ita ta fita nemansa. Wata sanda aka ba ta da take kwaikwayon kayayyaki da dodanni su yi mata faɗa, in kuma tana son takobi sai ta rikiɗe ta ɗauki siffar Link na ɗan lokaci. Na tura wa ƙanwata bidiyon tallarsa a WhatsApp ranar da na gani, yanzu ita ma uwa ce da 'ya'ya mata biyu, ta turo min saƙon murya tana dariya ta ce Yaya ai ni lokacina ya wuce, sai dai in ka zo ka ba su hannun.