Garin masunta a ƙasar ƙanƙara: tambayoyin marubucin almara daga Kano

Cikin matasan Kano masu rubuta almara, ta jarumai da matsafa da dodanni, akwai masu sha'awar kai labarinsu ƙasar da ruwa ke daskarewa har a yi tafiya a kansa. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai sau da yawa garin da ake ƙagawa kan fito fanko: ga ganuwa, ga fada, ga mayaƙa, amma babu wanda ya san me ake ci ko da me ake hura wuta. Bari mu ƙagi gari guda, mu raɗa masa suna Tungar Jaura, garin kamun kifi da fatauci a can ƙarshen ƙasar da mutane suka sani. Garin ƙage ne, amma amsoshin daga garuruwan gaske aka ɗauko su.

Me zai kai mutane zama inda ko gero ba ya tsira?

Abin sayarwa. Dubi tsibiran Lofoten a arewacin Norwe. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, kifin kod kan baro Tekun Barents ya taho gaɓar tsibiran ya zuba ƙwai, masunta kuma su biyo shi daga nesa. Tun wajen 1120 Sarki Oistein ya sa aka gina musu ɗakunan kwana a bakin ruwa. Ke nan Tungar Jaura na bukatar kakarta. Akwai watannin da za ta cika maƙil da 'yan ci-rani, ɗaki ya yi tsada, rigima ta yawaita, akwai kuma watannin da za a bar 'yan gari su kaɗai.

Idan ruwa ya daskare, yaya ake su?

Tafki daga sama yake daskarewa. Ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, saboda haka sai ta tsaya a sama ta rufe shi, ruwan ƙasa kuwa ya zauna wajen digiri 4, kifi na ciki da ransa. Masunci ya fasa rami ya zura fatsa. A tafkin Chagan na arewa maso gabashin Sin ana fasa ramuka a jere, a riƙa tura taru ta ƙarƙashin ƙanƙarar daga wannan rami zuwa wancan, sannan dawakai su yi ta kewaya turke suna naɗe igiya har tarun ya fito. Ƙanƙara mai kyau da ta kai kaurin santimita 10 tana ɗaukar mutum. A tafkin Baikal kaurinta kan kai mita guda, har ma a 1904, lokacin yaƙin Rasha da Japan, an shimfiɗa layin dogo a kanta.

Teku kuwa daban ne. Gishirin da ke cikinsa na hana shi daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 2 ƙasa da sifiri. Tekun Lofoten ba ya daskarewa, don ruwa mai ɗan ɗumi na kwararo masa daga Atlantika, alhali tashar Arkhangelsk ta Rasha, wadda ta fi shi kusa da kudu, takan daskare watanni. Dole ka zaɓi ɗaya, ka kuma tsaya a kai. Ni dai na fi son tashar da ke toshewa, domin a nan jirgin ƙarshe na shekara ke zama batun rai da mutuwa. Wanda ya rasa shi sai baɗi.

Banda suke yi wa kifin kamar na Baga?

A'a, kuma nan ne marubucinmu ya fi saurin zamewa. Banda na cin itace, itace kuwa shi ne abin da irin wannan gari bai da shi. Gishiri ma a da tsada gare shi a can. Iska ce ke yi musu aikin. A Lofoten ana sare kan kifin, a fitar da kayan ciki, a ɗaure su biyu-biyu ta wutsiya, a rataye a kan dogayen sandunan shanya kusan wata uku, ba gishiri ba hayaƙi. Abin da ake nema shi ne sanyi ya riƙa kai-komo dab da sifiri. Ya yi ɗumi, ƙuda ya sauka, kifi ya ruɓe. Ya yi tsanani, ƙanƙara ta farfasa naman. Idan an dace, kifin ya zubar da kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa, ya kuma yi shekaru bai lalace ba. Shi ya sa ake iya kai shi duniya.

Kuma ya iso har nan. Nijeriya da Italiya na cikin manyan masu sayensa, kawunan da aka sare ma ana busar da su, akasari Nijeriya ake kawowa. Shi ne wanda Ibo ke kira okporoko. Shawarata, kafin ka rubuta layi ɗaya a kan Tungar Jaura, ka shiga kasuwar Sabon Gari ka nemi masu sayar da shi. Ka ɗaga ka ji rashin nauyinsa, ka ƙwanƙwasa ka ji yadda yake amsawa, ka lura da yadda ake yanka shi da zarto, ka shaƙi warinsa. Wannan warin ne ke cikin rigar kowa a garinka, daga Sarkin Ruwa har jariri.

Idan kuma garin na can cikin ƙasa ne inda sanyi ya wuce misali, ga Yakutsk a Sibiriya, inda yakan sauka ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifiri. A kasuwarsu ana jera kifi a tsaye cikin kwanduna kamar ƙiraren girki, kuma ana fere shi ɗanye a daskare a ci da gishiri da masoro.

To wa ke da iko a garin?

Mai hatsi. Kifi kaɗai ba ya riƙe gari, kuma duk tsabar da za a ci daga kudu take zuwa. A birnin Bergen na Norwe, daga wajen 1360, fataken Jamus na ƙungiyar Hansa sun kafa sansaninsu a unguwar Bryggen, suna kawo hatsi suna kwashe busasshen kifi. Masunci ya karɓi hatsin bana bashi, ya biya da kifin baɗi, a haka ɗa kan gaji bashin uba tare da ubangidan uba. Ma'aikatan sansanin maza ne zalla, an hana su aure. Can arewa kuma, daga wajen 1740 zuwa 1917, Rashawan gaɓar Farin Teku sun riƙa kawo garin hatsi suna musanya da kifi, har wani gauraye na harshen Rasha da na Norwe ya samu a tsakaninsu, na ciniki kawai.

Bakano bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Kano ta yi ƙarnoni tana karɓar ayari daga ƙetaren Sahara. Kasuwar Kurmi na nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, fataken Gadamas sun zauna a birni, gishirin Bilma ya zo a bayan raƙuma. Mun san madugu, mun san zango, mun san maigidan da ke sauke baƙo ya adana masa kaya ya tsaya masa, mun san dillali da la'adarsa. Waɗannan mutane ne Tungar Jaura ke bukata, fiye da wani sarkin yaƙi na goma. Ka ba ta maigida mai rumbu wanda rabin gari ke cin bashinsa, ka ba ta Sarkin Ruwa mai cewa yau a hau ƙanƙara ko kada a hau, ka sa su saɓa. Labari ya samu.

Da me ake hura wuta?

Da itacen da teku ya turo gaɓa, da busasshiyar laka mai ci da wuta irin wadda mutanen Aislan suka dogara da ita, da kitsen dabbobin teku. Mutanen Inuit na ƙasashen ƙanƙara da fitilar dutse mai cin kitse suke haske da girki da busar da tufafi. Wutar kuma abin tsoro ce a garin katako. A gidajen Bryggen an hana kunna ta sai a wasu zauruka na musamman, duk da haka gobarar 1702 ta cinye unguwar.

Idan mutanen garin Musulmi ne, yaya salla da azumi inda rana ba ta fitowa?

Tambaya ce ta gaske, kuma tsohuwa. A birnin Tromso na arewacin Norwe rana ba ta leƙowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, sannan ta yi kusan wata biyu a bazara ba ta faɗi ba. Musulmin can kan bi lokutan Makka a irin waɗannan ranaku, wasu malaman kuma na cewa a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana. Hujjar duka biyun hadisin Dujal ne, inda aka yi umarni da ƙaddara lokaci a ranar da ta kai tsawon shekara. Ibn Fadlan, wanda ya isa ƙasar Bulgar ta bakin kogin Volga a 922 cikin tawagar halifan Bagadaza, ya ba da labarin daren da ake ɗora tukunya da magariba asuba ta yi ba ta nuna ba. A hanya kuma, ya ce, ya fito daga wanka gemunsa ya daskare sai da ya kai shi gaban wuta. Ka yi tunanin ladanin Tungar Jaura da nauyin da ke kansa, shi ne agogon gari.

Sihiri da dodanni fa?

A sa su, amma a ɗaura su da cin abincin mutane. Dodon da ke ƙarƙashin tafkin da ake su ya fi wanda ke kan wani dutse da ba mai zuwa ban tsoro. Ibn Battuta ya kawo labarin da ya ji na Ƙasar Duhu, tafiyar kwana 40 daga Bulgar a kan amalanke marar ƙafa da karnuka ke ja. Fatake su ajiye kaya su koma, gari ya waye su tarar da fatu masu gashi a gefen kayan, ba su san ko da mutum suke ciniki ko da aljan ba.

Me ke kashe irin wannan gari?

Sauyin hanya ko faɗuwar kasuwa, fiye da yaƙi. Mangazeya, garin fatu da Rashawa suka kafa a arewacin Sibiriya a farkon ƙarni na 17, ya yi arziki matuƙa. A 1619 hukuma ta haramta hanyar teku zuwa can, dabbobin da ake farauta suka yi ƙaranci, gobara ta biyo, kafin ƙarnin ya ƙare ya zama kufai. Turawan arewa da suka zauna Girinlan tun wajen 985 kuwa da hauren wata dabbar teku mai suna walrus suke sayen ƙarfe da katako. Labarinsu na ƙarshe a rubuce na wani ɗaurin aure ne a 1408. Masana da dama na ganin cewa, ban da ƙaruwar sanyi, hauren giwar Afirka da ya shiga kasuwannin Turai ya karya musu farashi.

Kano ma ta ga sauyin hanya. Layin dogo ya iso a 1911, ayarin Tarabulus ya ja baya, kaya suka koma bin Ikko. Ta tsaya ne don tana da gonaki kewaye da ita, da saƙa da rini da jima, ga gyaɗa ta zo daga baya. Tungar Jaura kifi kawai gare ta, kuma hanya ɗaya ce ke shigo mata da hatsi.