Mene ne "ishtirak" a birnin Beirut?

Duk mai bibiyar labaran Lebanon zai ji ana ambaton ishtirak. Kalmar Larabci ce, kuma a Beirut tana nufin wutar da gida ke saya duk wata daga mai janareton unguwa, saboda ta gwamnati ba abin dogaro ba ce. Tun yaƙin basasar 1975 zuwa 1990 ake fama da ɗauke wuta, amma bayan durƙushewar tattalin arziki a 2019 abin ya ƙazanta. A Oktoban 2021 tashoshin wutar lantarki na Zahrani da Deir Ammar suka tsaya cak saboda rashin mai, ƙasar baki ɗaya ta shiga duhu.

Mai janareto kan girke katafaren injin mai shan dizal a wani fili ko ƙarƙashin bene, ya ja waya gida-gida. Da amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, ake sayen wutar: 5, 10 ko sama da haka, gwargwadon ƙarfin aljihu. Kowane gida da makatsinsa a akwatin mai injin, da zarar an wuce abin da aka biya sai ya katse.

A nan wahalar take. Amfiya 5 a kan bolt 220 wat 1,100 ke nan kacal. Ya isa firji, ƙwayaye, fanka da talabijin. Amma hitar ruwa ko butar lantarki ita kaɗai tana iya cin wat 1,500 zuwa 2,000, ana kunnawa wuta ta tafi. Shi ya sa uwar gida ke kashe firji kafin ta jona dutsen guga, wanki da tura ruwa tanki kuwa sai an jira ta gwamnati, ko da tsakar dare ta zo. Firjin ma yakan katse layi, domin lokacin da injinsa ke tashi yana zuƙar wuta ninkin abin da ya saba ci.

Ma'aikatar makamashi tana fitar da farashin kowane yunit na wutar janareto duk wata, kuma tun 2018 aka wajabta sa mita, sai dai ba kowane mai injin ke bi ba. Da aka janye tallafin dizal a 2021, da yawa suka koma neman dala, alhali albashi da lira, kuɗin ƙasar, ake biya. Abin da ya fi ciwo, galibi unguwa mai janareto ɗaya gare ta, wanda bai gamsu ba babu inda zai koma sai sola, in yana da hali.