Riƙon ɗan lokaci da ƙwaƙwalwar aiki

Riƙon ɗan lokaci shi ne ikon da ƙwaƙwalwar ɗan Adam take da shi na ajiye bayani kaɗan na ƴan sakanni, kafin ya gushe ko ya shiga ma'ajiyar da ke daɗewa. Idan mutum yana juya abin da ya riƙe ɗin, yana lissafi ko auna magana da shi, masana suna kiran wannan ƙwaƙwalwar aiki.

Wurin ajiyar ƙarami ne ƙwarai. A 1956 George Miller, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya ce yawancin mutane abu bakwai suke riƙewa a lokaci guda, da ƙari ko ragin biyu. A 2001 Nelson Cowan ya rage adadin zuwa kimanin huɗu. Sai dai dunƙule ake ƙirgawa, kuma dunƙule ɗaya yana iya ɗaukar abubuwa da yawa. Lambar waya a Nijar alƙaluma takwas ce, amma a Maraɗi wanda zai ba ka lambarsa biyu-biyu zai karanto ta, ta koma dunƙule huɗu, daidai abin da kai zai ɗauka.

Lokacin ma gajere ne. A 1959 Lloyd da Margaret Peterson sun ba mutane baƙaƙe uku, suka sa su ƙidaya da baya uku-uku don kada su samu damar maimaitawa. Bayan sakan 18, kusan duk baƙaƙen sun ɓace. Maimaici ke raya abin da aka riƙe, shi ya sa yaron da aka aika sayen gishiri da daddawa da sabulu yake tafe yana nanata su a bakinsa har bakin shago.

A 1974 Alan Baddeley da Graham Hitch na Birtaniya suka nuna cewa ƙwaƙwalwar aiki sassa gare ta. Akwai muryar zuci mai nanata kalmomi da lambobi, wadda ke ɗaukar abin da baki zai iya furtawa cikin kimanin sakan biyu. Akwai allon zuci mai riƙe siffa da wuri, wanda ɗan kabu-kabu ke dogara da shi in ana yi masa kwatancen gida. Sai jagora mai raba hankali tsakaninsu. A 2000 Baddeley ya ƙara sashe na huɗu, mai haɗa sauti da hoto da abin da aka riga aka sani.

Aikin jagoran ya fi fitowa fili a kasuwa. A ce mai hatsi ya auna tiya uku ta gero, kowace dala ɗari da hamsin, aka miƙo masa jika biyar. Dole ya riƙe dala ɗari huɗu da hamsin a kai, ya mayar da jika biyar dala dubu, ya cire, hannunsa kuma yana ƙulle bakin buhu. In wani ya yi masa sallama a tsakiyar haka, lissafin ya zube, sai ya sake daga farko. Wannan ba sakaci ba ne. Haka ma ɗalibin da malami ya jero wa umarni biyar a numfashi ɗaya ya cika biyu kawai. Sau da yawa ana yi masa kallon mai taurin kai alhali kayan ne suka fi wurin ajiyar.

Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, yana da babban hannu a wannan aiki. Rashin barci da damuwa da tsufa duk suna raunana shi. Shaidar cewa riƙon ɗan lokaci daban yake da na dindindin ta fito daga Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a Amurka a 1953 saboda farfaɗiya, aka cire masa yawancin hifokamfas, wani sashe da ke taimakawa wajen ajiye sabon bayani ya daɗe, a ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Bayan tiyatar, yana iya riƙe lamba muddin yana nanata ta, amma da hankalinsa ya koma wani wuri, ko likitan da suka gama hira yanzu ba ya tunawa.