Piyanon Cecil Taylor Ba Hayaniya Ba Ce

Da yawa in sun ji piyanon Cecil Taylor sai su ce dukan maɓallai ne kawai, ba kan gado, ko yaro ma zai iya. Ba haka ba ne. Taylor, Ba'amurke mai kaɗa piyano a salon kiɗan jaz, wanda ya rasu a 2018, ya yi karatun kiɗa a New England Conservatory da ke Boston, kuma yakan daɗe yana atisaye da abokan kiɗansa. Tsayayyen bugu da jerin sautukan da jaz ya saba bi su ya ajiye, amma tsari yana nan daram.

Ka kasa kunne ga ɗan guntun sauti guda. Taylor zai maimaita shi, ya juya shi, hannun hagu ya amsa wa na dama, mai ganga ya tsoma baki. Jin farko dai akwai gajiya, ba musu.