Majami'ar Barratt

Majami'ar Barratt tsohon ɗakin ibada ne na ɗarikar Metodis da ke cikin karkarar gundumar Kent, arewa da garin Frederica, a jihar Delaware ta Amurka. An gina ta da jan bulo a shekarar 1780, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin kan Amurka, a filin da Philip Barratt ya bayar. Ana ɗaukarta a matsayin majami'a mafi daɗewa a ƙasar cikin waɗanda 'yan Metodis suka gina wa kansu. Ta St. George da ke Filadelfiya ta girme ta, amma ita sayen gininta aka yi daga wata ɗarika a 1769.

Tarihi

Kafin yaƙin, 'yan Metodis ƙungiya ce kawai a cikin Cocin Ingila. Masu wa'azinsu ba naɗaɗɗu ba ne, don haka baftisma da Jibin Ubangiji sai a wurin limaman Angilikan, wato na Cocin Ingila, waɗanda da yawansu suka koma Ingila da yaƙi ya yi zafi, suka bar jama'a ba mai yi musu waɗannan hidimomi. Ganin haka, a watan Satumba na 1784 John Wesley, wanda ya kafa ƙungiyar Metodis, ya keɓe Thomas Coke domin jagorantar 'yan Metodis na Amurka a birnin Bristol na Ingila, ya aike shi Amurka tare da Richard Whatcoat da Thomas Vasey.

Ranar Lahadi, 14 ga Nuwamba, 1784, Coke ya yi wa'azi a wannan majami'a. Da ya gama, Francis Asbury, wanda shi kaɗai ya ƙi komawa gida cikin masu wa'azin da Wesley ya turo daga Ingila, ya hau mumbari ya gaishe shi da sumba. Wannan ce haɗuwarsu ta farko. A ranar ne aka ce naɗaɗɗun limaman Metodis suka fara raba Jibin Ubangiji a Amurka, ga ɗaruruwan mutane. Barratt bai ga wannan rana ba, domin ya rasu 'yan makonni kafin nan, kuma a gidan matarsa baƙin suka zauna suka yanke shawarar tara masu wa'azi duka. Aka tura Freeborn Garrettson bisa doki ya kai kira, taron kuwa ya zauna a Baltimore ranar 24 ga Disamba, inda aka kafa cocin Metodis mai zaman kansa a Amurka.

Gini

Daga waje ginin ya fi kama da rumbun manomi da ɗakin ibada, ba hasumiya, ba ado. An yi wa cikinsa gyare-gyare a ƙarni na 19, wajen shekarun 1840. Akwai tauraro na ƙarfe a daɓen gaban mumbari, alamar wurin da mutanen biyu suka haɗu.

Yau

An sa ta cikin kundin wuraren tarihi na Amurka a 1972. Akwai gidan tarihi da maƙabarta a gefenta, kuma har yanzu ana yin sujada da ɗaurin aure a cikinta, tare da sujadar tunawa kowane Nuwamba.