Makarin ƙura a akwatin aksul na taragon jirgin ƙasa

Makarin ƙura wani ɗan abu ne da ake sanyawa a bayan akwatin aksul na taragon jirgin ƙasa, daidai inda aksul, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun tarago, ya kutsa cikin akwatin. Aikinsa biyu ne: ya tare ƙura da yashi da ruwa kada su kai ga wurin da ƙarfe ke juyawa cikin mai, ya kuma hana man tsiyayewa waje. A tsofaffin taragu faifai ne na katako ko fata mai huda a tsakiya. A na zamani zoben roba ne, ko jerin tsagogin ƙarfe da aka cika da giris. Yana cikin kayan tarago mafi araha, kuma mai tsayuwa a bakin tasha ba ya ganinsa, amma idan ya lalace ƙafar jirgin ba ta daɗewa, musamman a ƙasa irin ta Kaduna inda hunturu ke kwashe watanni yana zubo ƙura.

Akwatin aksul

Ƙafar jirgin ƙasa ta bambanta da ta mota. Ƙafafu biyu ake matse su a jikin sandar ƙarfe guda, wato aksul, duk su riƙa juyawa tare. Kan aksul ɗin yana ɗan fitowa ta wajen kowace ƙafa, kuma a kan wannan ɗan guntun da aka goge sumul nauyin tarago yake sauka, ta hanyar sifirin da akwatin ƙarfe. Tarago mai aksul huɗu yana da akwati takwas ke nan. Jirgi mai jan tarago ashirin yana tafe da akwati 160, kuma guda ɗaya ya isa ya tsayar da shi a daji.

Akwatin a tsaye yake, aksul kuwa juyawa yake yi. Dole a bar rata tsakaninsu, ratar nan kuma ita ce ƙofar ƙura. Ba ta toshuwa gaba ɗaya, domin aksul yakan ɗan matsa hagu da dama a kan kwana, yakan kuma yi sama da ƙasa a duk mahaɗar kwangiri. Duk fasahar makarin ƙura ta ta'allaƙa ne a kan yadda za a rufe ƙofar da ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Abin da ƙura ke yi wa mai

Duk wanda ya taɓa kwance ƙafar babur da ta daɗe tana bin hanyar birji ya san abin. Giris ɗin da aka zuba rawaya ko shuɗi sai a tarar ya koma baƙi, in aka murza shi tsakanin yatsu a ji yana ƙaiƙayi kamar tuwon da aka yi da garin da ba a rege ba. Wannan cakuɗin na mai da yashi ba ya sulɓi, wasa ƙarfe yake yi kamar dutsen wasa wuƙa.

Dalili kuwa shi ne yawancin yashi ƙwayoyin ma'adinin kwaz ne, kuma kwaz ya fi ƙarfen boris, wato gunduma-gunduman da aksul ke mirginawa a kansu, tauri duk da an gasa ƙarfen. A cikin boris, shimfiɗar man da ke raba ƙarfe da ƙarfe sau da yawa ba ta kai kaurin maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum ya kai kimanin maikiron 70. Saboda haka ƙwayar ƙurar da ido ba ya iya gani ta fi shimfiɗar man kauri nesa ba kusa ba. Idan ta faɗa tsakanin boris da hanyarsa, nauyin tarago yana bi ta kanta, ta bar ɗan lotsi a jikin ƙarfen. Gefen lotsin nan ne ke fara gajiya, ya tsage, ya ɓantare, ɓarɓashin kuma ya shiga giris ya zama sabon yashi. Daga nan ɓarnar ke ciyar da kanta.

Lissafi kaɗan zai nuna yawan maimaituwar abin. Ƙafa mai faɗin santimita 90 tana juyawa fiye da sau 65,000 a tafiyar kilomita 186 daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna. Zuwa ɗaya ke nan.

Hunturu da damina

Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska mai tasowa daga arewa maso gabas tana ɗauko ƙura daga Sahara ta baza ta a arewacin Najeriya. Babban tushenta shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ƙasan wani tsohon tafki da ya ƙafe, wanda ake lissafawa a sahun gaba na wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Ƙurar da ta isa Kaduna ta riga ta zubar da manyan ƙwayoyinta a hanya, abin da ya saura lallausa ne kamar hoda. Ita ce matan gida ke gogewa a kan tebur da safe, kafin azahar ta dawo, alhali tagogi a rufe suke. Abin da ya ratsa tagar ɗaki ba zai rasa hanyar shiga akwatin aksul ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: akwatin yana numfashi. Idan jirgi na gudu, akwatin ya ɗumama, iskar cikinsa ta kumbura ta fita. Idan ya tsaya ya huce, sai ya zuƙo iskar waje. A lokacin hunturu, da ake wuni da rana a kwana da sanyi mai ratsa jiki, ko taragon da ke ajiye a gefen layi yana wannan shaƙa da fitarwa kullum, kowace shaƙa kuma da rabonta na ƙura.

Ba ƙurar sama kaɗai ba ce. Ƙarƙashin jirgi mai gudu guguwa ce ƙarama: garin tsakuwar da aka shimfiɗa wa kwangiri, da ɓarɓashin takalmin birki na ƙarfe, da yashin da kan jirgi ke fesawa a kan layi don kada ƙafarsa ta zame. A zamanin jirgin gawayi har da toka. Damina kuma ta zo da nata, domin ruwa in ya shiga yakan tsinka mai, ya kawo tsatsa a inda ƙarfe ya daɗe a tsaye kan ƙarfe.

Tsohon salo: tagulla, tsumma da katako

Layin dogon Baro zuwa Kano, wanda aka gina da aikin diga daga 1907 ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Kaduna tun kafin garin ya zama hedikwatar Arewa a 1917. A 1927 layin gabas mai tasowa daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan, Kaduna ta zama mahaɗa. A wancan zamani, a nan da sauran duniya, akwatin aksul na tagulla da tsumma shi ne abin da aka sani, kuma a kansa gyaɗa da auduga da fatu suka yi ta gangarawa bakin teku.

Yadda yake shi ne: a saman kan aksul ana ɗora wani guntun tagulla mai lanƙwasa kamar sirdi, wanda aka shafe cikinsa da farin ƙarfe mai taushi, haɗin da ya samo suna daga Isaac Babbitt na Amurka, wanda ya yi rajistar fasaharsa a 1839. A ƙasan akwatin ana cusa zaren auduga ko ulu da aka jiƙa sharkaf da baƙin mai. Zaren yana tsotso mai kamar lagwanin fitila, yana shafa wa aksul, aksul kuma ya ɗauke shi zuwa ƙarƙashin tagullar. Daga baya aka maye gurbin tsumman da wani matashi da aka ɗinka musamman, domin sako-sakon zare yakan laƙe a ƙarƙashin tagulla ya share man.

Ƙofa biyu ke ga wannan akwati. Ta gaba murfi ne mai sifirin, wanda ma'aikaci ke ɗagawa ya duba ya ƙara mai. Ta baya ita ce hudar aksul, kuma nan makarin ƙura yake zaune. An yi wa bangon akwatin wata siririyar aljihu daga sama, ana zura faifan katako a ciki, mai huda daidai kaurin aksul, galibi an yi wa bakin hudar layi da fata ko dannannen gashin tumaki. Hikimar ita ce ba a ɗaure faifan ba. Yana yawo a cikin aljihunsa, aksul ya yi sama ya bi shi, ya yi ƙasa ya bi shi. Wasu an raba su biyu an haɗa da sifirin, yadda ko hudar ta ci za su ci gaba da rungumar aksul. Bakin aljihun kuma ana toshe shi da ɗan katako, in ba haka ba ƙura ta zubo ta sama.

Katako abu ne mai jin yanayi. Da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsage, fatar ma ta ƙeƙashe. Kuma canza shi sai an ɗaga tarago an zare akwatin daga kan aksul, saboda haka shi ne abin da aka fi ɗagewa zuwa gobe. Murfin gaba kuwa laifinsa na mutane ne: a bar shi a buɗe, ko sifirinsa ya karye ba a sauya ba.

Abin da ya ceci wannan salo shekaru da yawa shi ne taushin farin ƙarfen. Ƙwayar yashi in ta shiga, takan nutse a cikinsa maimakon ta karce aksul. Amma haƙurinsa yana da iyaka. In ya ƙoshi da yashi sai shi kansa ya zama magogi, tsumman kuma ya daskare da datti ya daina tsotso mai.

Zafin akwati

Idan mai ya yanke, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, zafi ya tashi. Farin ƙarfen ya narke, man da ya saura a tsumma ya fara hayaƙi, wani lokaci ya kama da wuta. In ba a tsayar da jirgin ba, kan aksul yakan yi ja, ya yi laushi, ya guntule, tarago ya kife. Shi ya sa a da ma'aikatan reluwe kan leƙa bayan jirgi a kan kwana suna neman hayaƙi, kuma in an tsaya a tasha mai duba taragu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kai bayan hannunsa kusa da kowane akwati. Hanci ma ma'auni ne, don ƙonannen mai ba ya ɓuya.

A ranar 10 ga Nuwamba 1979 akwati irin wannan ya yi zafi a wani jirgin kaya a garin Mississauga na Kanada, taragun sinadarai suka kife, aka kwashe mutane fiye da 200,000 daga gidajensu. A Amurka an hana taragu masu tsohon akwati shiga zirga-zirga tsakanin kamfanonin jiragen ƙasa a farkon shekarun 1990.

Zamanin boris

Boris ya sauya lamarin. Maimakon aksul ya riƙa zamewa a ƙarƙashin tagulla, sai ya mirgina a kan jerin gunduma-gunduman ƙarfe. A 1954 kamfanin Timken ya fito da boris na taragu wanda ke zuwa a rufe, da giris ɗinsa a ciki, a matse shi a kan aksul kawai. Babu murfin ɗagawa, babu tsumma. Taragun zamani, irin waɗanda ke bin sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yulin 2016, a kan boris suke tafiya.

Sai dai boris bai da haƙurin farin ƙarfe. Ba shi da wuri mai taushi da zai haɗiye yashi, don haka nauyin da ke kan makarin ƙura ƙaruwa ya yi.

Iri biyu aka fi amfani da su. Na farko zoben roba ne mai leɓe, wanda siririn sifirin ke matse shi a jikin wani zoben ƙarfe da ke juyawa tare da aksul. Sau da yawa leɓɓan biyu ne, na ciki ya tsare giris, na waje ya share ƙura. Yana rufewa da kyau, amma gugar da yake yi tana kawo zafi, kuma ƙurar da ta taru a bakinsa takan ci ƙarfen har ta yi masa kwari. Na biyu ba ya taɓa komai. Zobba ne biyu masu haƙora, ɗaya a tsaye ɗaya na juyawa, haƙoran sun shiga juna ba tare da sun haɗu ba, an cika tsakaninsu da giris. Tsarinsa ya yi kama da shigar gidan Bahaushe na gargajiya, inda daga zaure sai an karya kwana, an sake karyawa, kafin a kai tsakar gida. Ƙwayar ƙura tana karya kwana ɗaya ko biyu sai ta maƙale a giris, juyawar zoben kuma ta watso ta waje. Wannan ba ya cinyewa, amma ba ya tare ruwan da ya sha kansa, kamar idan ambaliya ta rufe layi ko aka nufe shi da mesa mai ƙarfi wajen wanki. Da yawa daga cikin na yanzu suna haɗa dabarun biyu.

Boris ma yana zafi. Hatsarin garin East Palestine na jihar Ohayo a Amurka, ranar 3 ga Fabrairun 2023, daga boris ɗin da ya ƙone ya taso. Saboda irin haka manyan layukan dogo ke kafa na'urori a gefen kwangiri masu auna zafin kowane akwati yayin da jirgi ke wucewa.

Kulawa a wurin gyara

Ƙura da yawa ba a kan hanya take shiga boris ba, a hannun mai gyara take shiga. Bokitin giris da aka bari a buɗe rabin yini cikin hazo ya riga ya gurɓata. Haka boris ɗin da aka fitar daga ledarsa aka ajiye a ƙasa, ko aka goge da tsumman da ya sha yashi. Ƙa'idar aikin ita ce a buɗe shi a ɗaki rufaffe, a kan tebur mai tsabta, kuma duk zoben robar da aka cire a jefar da shi ko da ya yi kama da sabo. A Kaduna, daga Nuwamba zuwa Maris, wannan ƙa'ida ta fi kowace na'urar auna zafi muhimmanci, don na'urar ɓarnar da ta riga ta auku take sanarwa.

Cika giris fiye da kima shi ma illa ne: boris ya yi ta dama shi, zafi ya tashi, matsi ya tura leɓen robar waje. Mai dubawa yana da alamar da ba ta buƙatar kayan aiki. Idan ya ga giris ya fantsama a jikin ƙafa ko ƙasan tarago, ƙura ta manne a kai ta yi baƙin dabbare, to makarin ya buɗe, kuma ta inda giris ya fito ta nan yashi ke shiga. Irin wannan tarago ana ware shi a kai shi loko, wato wurin gyaran jiragen ƙasa, a sauya aksul ɗin da ƙafafunsa gaba ɗaya.